Tauraron Da Ya Yi Gargaɗi Shekara 2 Kafin Ya Tarwatse

A watan Oktoba na 2004, wani ɗan kasuwa a birnin Yamagata da ke arewacin Japan, mai suna Koichi Itagaki, ya ga wani ɗigon haske a hoton sararin sama da ya ɗauka. Itagaki ba farfesa ba ne. Da rana harkar kamfaninsa na sarrafa gyaɗa da kayan ƙwalam yake yi, da dare kuma sai ya koma gaban madubinsa na hangen nesa, yana ɗaukar hotunan biranen taurari ɗaya bayan ɗaya, yana gwada na yau da na jiya. Birnin taurari, wanda masana ke kira galaksi, tarin taurari ne miliyoyi ko biliyoyi da ke zaune wuri guda, kuma Ranarmu ma a cikin irinsa take. Ɗigon da ya gani ya fito ne a wani birni da ake wa laƙabi da UGC 4904, a wurin da babu komai a hotunan baya.

Ya kai rahoto. Bayan 'yan kwanaki hasken ya dushe, kuma ba a samu wani da ya tabbatar da abin da ya gani ba.

To, mai karatu, sa kanka a matsayinsa. Ka ga abu da idonka, ka faɗa, an duba ba a gani ba. Da yawanmu a nan za mu goge hoton, mu ce ƙila na'ura ce ta yi mana wasa. Shi bai goge ba, bai kuma daina leƙa wurin ba. A watan Oktoba na 2006, shekara 2 cur bayan haka, haske ya sake bayyana a daidai wannan gurbi, ya ninka na farko nesa ba kusa ba. A wannan karon tauraron tarwatsewa ya yi. Aka sa wa fashewar suna SN 2006jc, kuma hotunan nan na 2004 da ba su samu mai tabbatarwa ba suka zama hujja mai tsada a hannun masana.

Nisan wurin daga nan ya kai tafiyar haske ta shekara miliyan 77. Haske kuwa yana gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa guda. Wato lokacin da abin ya faru a can, manyan dabbobin nan na da, dainoso, suna nan suna yawo a doron ƙasa. Labarin ne bai iso ba sai a zamaninmu.

Me ke kashe tauraro?

Kafin ka gane abin da ya sa wannan fashewa ta fita daban, sai ka san yadda tauraro ke rayuwa. Tauraro dai ƙatuwar dunƙulalliyar iska ce mai zafi, mafi yawanta haidurojin. Nauyinsa kullum yana danna shi ciki, zafin da ke fitowa daga tsakiyarsa kuma yana tura shi waje. Muddin waɗannan biyu sun yi kunnen doki, tauraro na nan lafiya. Zafin yana samuwa ne daga haɗewar ƙwayoyin haidurojin, su zama hiliyom. A tsakiyar Rana, inda zafi ya kai digiri miliyan 15, ana sarrafa kusan tan miliyan 600 na haidurojin a kowace daƙiƙa.

Rana tana cin nata a hankali, shi ya sa za ta yi shekara wajen biliyan 10 a haka. Amma tauraron da ya ninka ta nauyi sau 8 ko fiye, almubazzari ne. Cikin 'yan miliyoyin shekaru yake cinye haidurojin ɗin tsakiyarsa, ya koma ƙona hiliyom ya samar da kabon da oksijin, daga nan ya yi ta hawa mataki-mataki har ya kai ga ƙarfe. A nan gizo ke saƙar, domin haɗe ƙwayoyin ƙarfe ba ya ba da zafi. Wuta ta mutu kenan, nauyi ya yi nasara. Cikin ƙasa da daƙiƙa guda tsakiyar tauraron ke rubzawa, sauran jikinsa kuma ya watse waje da gudun da kan kai kilomita 10,000 a daƙiƙa. Wannan ita ce sufanoba. Na 'yan makonni, tauraro guda kan yi hasken da ya kai na biliyoyin Rana.

Ka ɗauki irin wannan tauraro a ƙarshen rayuwarsa kamar mutumin da ya yi shigar sallah. Babbar rigar da ke waje haidurojin ce. 'Yar cikin da ke ƙarƙashinta hiliyom ce. Can ciki kuma akwai kabon da oksijin. Mafi yawan manyan taurari da babbar rigarsu suke mutuwa, shi ya sa ake ganin haidurojin a fashewarsu, kuma masana suka sa su a rukuni na II. Wasu kuwa sai a same su babu babbar riga, sai 'yar ciki kawai: su ne rukunin Ib. Waɗanda suka rasa duka biyun su ne Ic.

Yaya aka san abin da ke cikin tauraro?

Na san tambayar da ke ranka. Abin da ke nisan shekara miliyan 77, wa ya je ya ɗebo shi ya auna? Amsar tana cikin hasken kansa. In ka ratsa haske ta cikin wani gilashi mai kusurwa uku, sai ya baje kamar bakan gizo. Kowane sinadari yana da layukansa a cikin wannan baka, a wuraren da ba sa canzawa, kamar yadda zanen yatsanka ba ya kama da na kowa. Haidurojin na da nasa, ƙarfe na da nasa, hiliyom ma haka.

Kai, ita kanta hiliyom ɗin a sama aka fara ganin ta. A ranar 18 ga Agusta, 1868, yayin wani kusufin rana, Bafaranshe Jules Janssen yana garin Guntur na Indiya yana nazarin hasken gefen Rana, inda wani layi ruwan ɗorawa ya fito. A watan Oktoba na shekarar, Norman Lockyer a Ingila ya ga layin, ya kuma lura bai dace da wani sinadari da aka sani ba. Aka raɗa masa suna daga kalmar Girkanci mai nufin rana. Sai a 1895 William Ramsay ya samo shi a doron ƙasa. Iskar nan da ake hura wa balan-balan ta tashi sama a wurin biki, ita ce fa.

Layukan suna faɗin wani abu kuma, wato gudu. Ka lura da yadda ƙarar jiniyar mota ke canzawa lokacin da take tunkaro ka da lokacin da ta wuce? Haske ma haka yake yi. Iskar da ke tahowa wajenmu tana karkatar da layi gefe guda, wadda ke gudu daga gare mu tana karkatar da shi ɗaya gefen. Don haka in tauraro ya watse ta ko'ina da gudu mai tsanani, layukansa sai su yi faɗi. In iskar a hankali take tafiya, layukan sai su fito sirara.

Abin da ya bambanta SN 2006jc

Da masana suka baje hasken SN 2006jc, abin da ya fi fitowa shi ne layukan hiliyom, haidurojin kuwa ɗan kaɗan ne ƙwarai. Wannan kaɗai ba sabon abu ba ne. Abin mamakin shi ne layukan hiliyom ɗin sirara ne, suna nuna gudun kilomita 'yan dubbai kaɗan a daƙiƙa, ƙasa sosai da gudun tarkacen fashewa. Ruwa ba ya tsami banza. Ma'anar ita ce wannan hiliyom ba cikin tauraron take ba lokacin da ya fashe. Tana waje, ta kewaye shi kamar hazo, ya riga ya amayar da ita tun kafin mutuwarsa. Tarkacen fashewar ne ya zo daga baya a guje ya afka mata, ya sa ta haskaka.

Ka ga inda hotunan Itagaki suka shigo kenan. Walƙiyar da ya gani a 2004 ita ce lokacin da tauraron ya yi wannan aman. Tawagar Andrea Pastorello ta gwada hotunan shekarun biyu, ta tabbatar gurbi ɗaya ne, ta buga sakamakon a mujallar Nature a 2007. Taurarin ɗan'adam na hukumar NASA guda biyu, Swift da Chandra, sun kama hasken eksire daga karon, wanda ya yi ta ƙaruwa har kusan kwana 100. Daga nan aka ƙiyasta cewa abin da tauraron ya zubar ya kai kusan kashi 1 cikin 100 na nauyin Rana, wato kamar duniyar Jufita guda 10. Aka buɗe sabon rukuni domin irin wannan fashewa, aka kira shi Ibn. Harafin ƙarshen yana nuni ne da sirantar layukan.

Kafin wannan, abin da ake koyarwa shi ne tsakiyar tauraro na shirin rubzawa ba tare da wani alami ya fito a fatarsa ba. Ga shi kuma an ga wanda ya yi gargaɗi shekara 2 kafin lokaci. A rayuwar da ake ƙirgawa da miliyoyin shekaru, shekara 2 kamar numfashin ƙarshe ne.

Wa ya tuɓe masa babbar riga?

A nan ne gardamar take, kuma ita ce ainihin tambayar asalin waɗannan fashe-fashe. Tauraro ba a haifar sa tsirara. To ina haidurojin ɗinsa ta tafi?

Amsa ta farko ita ce shi ya tuɓe da kansa. Akwai taurari masu tsananin girma, waɗanda suka fara rayuwa da nauyin Rana 25 ko fiye, da haskensu ke da ƙarfin da yake ture fatarsu waje kamar guguwa, har sai 'yar ciki ta bayyana. Ana kiran su taurarin Wolf-Rayet, da sunan Faransawa biyu, Charles Wolf da Georges Rayet, da suka gano su a Faris a 1867. Da farko kusan kowa ya ɗauka irin wannan ne ya haifar da SN 2006jc.

Amsa ta biyu ita ce maƙwabci ne ya tuɓe shi. Ranarmu ita kaɗai take, amma manyan taurari galibi bibbiyu suke, suna zagaya juna. Wani bincike da Hugues Sana ya jagoranta, wanda ya fito a mujallar Science a 2012, ya nuna cewa sama da kashi 70 cikin 100 na taurari mafiya girma za su yi musayar jiki da abokin zamansu kafin su mutu. In tauraro ya tsufa yakan kumbura. In abokinsa na kusa, sai ya riƙa zuƙe fatar da ta kumburo, har ya bar shi da 'yar ciki. Ta wannan hanya ko tauraron da bai kai girman Wolf-Rayet ba zai iya mutuwa babu haidurojin.

Yaya za a raba gardama? Sai a jira ƙura ta lafa, a koma a duba ko akwai wanda ya rage a wurin. An kuwa yi hakan. A 2016, Justyn Maund da abokan aikinsa suka ba da rahoton cewa madubin Hubble da ke sararin sama ya ga wani ɗan haske a gurbin SN 2006jc, shekaru bayan fashewar ta dushe. Hotunan da aka sake ɗauka daga baya sun nuna yana nan. Fassarar da ta fi ƙarfi ita ce abokin zaman ne da ya tsira. In haka ne, wanda ya cinye rigar yana nan tsaye a wurin da abin ya faru.

An kuma samu ƙarin hujja a kusa da gida. A ƙarshen 2023, Maria Drout da Ylva Götberg suka sanar da gano taurari masu zafi, masu yawan hiliyom da ƙarancin haidurojin, a ƙananan biranen taurari biyu da ke maƙwabtaka da namu, waɗanda ake kira Gizagizan Majelan. Matsakaita ne a nauyi, irin waɗanda lissafi ya daɗe yana cewa dole akwai su in har maƙwabci na tuɓe maƙwabci, amma ba a cika ganin su ba.

Mutuwar yaro a garin tsofaffi

Kar ka ɗauka magana ta ƙare a nan. A 2012, madubin Pan-STARRS da ke kan dutsen Haleakala a tsibiran Hawayi ya kama wata fashewa a nisan tafiyar haske ta shekara miliyan 780. Aka kira ta PS1-12sk. Layukanta na hiliyom sirara ne, rukunin Ibn sak, kuma ita ce ta 6 kacal da aka sani a lokacin, cikin dubban sufanoba da aka rubuta. Matsalar ita ce wurin da ta faru.

Ka tuna manyan taurari ba sa daɗewa. Saboda haka a kusa da inda aka haife su suke mutuwa, a unguwannin da har yanzu ake haifar sababbi. Ita kuwa PS1-12sk a gefen wani ƙaton tsohon birnin taurari ta tashi, irin wanda ya daina haihuwa tun da jimawa. Kamar ka ji ana shelar rasuwar yaro ɗan shekara 5 a garin da aka shekara 50 ba a yi suna ba. Dole ka tambaya, ɗan waye?

Nathan Sanders na cibiyar Harvard-Smithsonian, wanda ya jagoranci rahoton farko a 2013, ya bar ƙofa a buɗe: ƙila akwai wata 'yar unguwar jarirai da ta ɓuya. Sai aka juya Hubble wurin domin neman hasken da matasan taurari ke fitarwa. A 2019 Griffin Hosseinzadeh da tawagarsa suka ce ba su ga komai ba. Abin da suka fitar shi ne, ba lallai ne duk fashewar Ibn ta zama daga ƙaton tauraro ba. Wasu na iya fitowa daga tsofaffin ƙananan taurari da ke zaman bibbiyu.

Wace irin fashewa tsohon ƙaramin tauraro zai iya yi? Tauraro irin Rana ba ya tarwatsewa. In ya ƙare, yakan bar wani dunƙule mai girman duniyarmu amma mai nauyin gaske, wanda ake kira farin wada. Shi kaɗai ba ya komai sai hucewa. Amma in yana da maƙwabcin da yake zuƙa, nauyinsa na iya ƙaruwa, kuma farin wada ba ya iya ɗaukar abin da ya wuce kusan ninki 1.4 na nauyin Rana. In ya kusa wannan iyaka, ko kuma hiliyom ɗin da ta taru a bayansa ta kama da wuta, sai ya tashi gaba ɗaya. An ga misali a fili: SN 2020eyj, wadda aka gano a 2020. Farin wada ne ya fashe a cikin hazon hiliyom. Erik Kool na Jami'ar Stockholm da abokan aikinsa sun buga bayaninta a 2023, kuma ita ce ta farko a irin fashewar farin wada da aka taɓa kamawa da na'urorin sauraren igiyar rediyo.

Ka ga kenan layi iri ɗaya a bakan haske na iya fitowa daga gidaje daban-daban: ƙaton da ya tuɓe kansa, matsakaicin da maƙwabci ya tuɓe, ko tsohon wadan da ya ci abin da ya fi ƙarfinsa. Aikin da ake yi yanzu shi ne tantance wanne ya fi yawa.

To, ina ruwanka?

Na farko, jikinka. Oksijin ɗin da kake shaƙa yanzu, mafi yawansa a cikin manyan taurari aka dafa shi, fashewa irin wannan ce ta watsa shi. Ƙarfen da ke cikin jininka, kaso mai yawa daga fashewar fararen wadanni ya fito. Sanin wane tauraro ne ke fashewa, a yaushe, da me a jikinsa, shi ne sanin yadda aka tara kayan da ƙasa da ruwa da mu kanmu muka samu.

Na biyu, yadda aka gano abin. Manyan madubai na biliyoyin kuɗi sun yi aikinsu, amma da babu mutum guda da ya ɗauki hoto, ya rubuta kwanan wata, ya adana, ya kuma koma wurin bayan an yi shiru da maganarsa, da ba a san tauraron ya yi gargaɗi ba. Itagaki ya gano sufanoba sama da 100 a rayuwarsa, har da SN 2023ixf ta watan Mayun 2023, ɗaya daga cikin mafiya kusa da aka gani a shekarun nan. Ko kai ɗalibin kimiyya ne, ko ke mai koyon aikin jinya ce, ko gyaran waya kake yi, wannan ɗabi'a ta rubuta abin da ka gani daidai yadda ka gan shi, ko da bai dace da abin da ake tsammani ba, ita ce jarin.

Kuma fagen ƙara buɗewa yake yi. Sabuwar cibiyar Vera Rubin da ke ƙasar Chile, wadda ta fitar da hotunanta na farko a watan Yunin 2025, an gina ta ne domin ta riƙa ɗaukar sararin kudu tana maimaitawa duk bayan 'yan kwanaki, tana fitar da miliyoyin sanarwa a dare guda kan duk abin da ya canza haske. Waɗannan sanarwa a buɗe suke ga kowa ta intanet. Babu yawan masanan da zai iya bin su ɗaya-ɗaya, don haka ana buƙatar masu lissafi da masu rubuta manhajar kwamfuta da za su tace su. Wanda ya iya wannan, daga Kano yake ko Damagaram, bayanan da ke gabansa su ne ke gaban na Tokiyo.

In kuma kana so ka ga tauraron da ya rasa babbar rigarsa da idonka, ba sai ka sayi komai ba. A tsakiyar watan Fabrairu, daren da hazo ya yi sauƙi, tsakanin ƙarfe 10 da 11, fita inda babu fitilu ka fuskanci kudu. Daga wajen Kano, ɗaga kai kamar kashi ɗaya cikin uku na tazarar da ke tsakanin ƙasa da tsakiyar sama. Za ka ga wani tauraro mai haske sosai ta hannun dama, shi ne wanda Larabawa ke kira Suhail. Ta hagunsa, ɗan sama kaɗan, akwai wani da bai kai shi haske ba, mai suna Gamma Velorum. Manhajar Stellarium a waya za ta nuna maka shi. A ido ɗigo ɗaya ne, amma a cikinsa akwai taurari biyu da ke zagaya juna duk kwana 79, kuma ɗayansu Wolf-Rayet ne, mafi kusa da mu a irinsa, a nisan tafiyar haske ta shekara wajen 1,100. Ya riga ya zubar da haidurojin ɗinsa, yana matakin ƙarshe na rayuwa. In ka gan shi, rubuta kwanan wata da lokaci.